Harshe Biyu a Aji Ɗaya: Al'adun Gida Cikin Karatun Yara a Ƙasar Kankiya da Kusada

An shirya wannan darasi domin Hakimai da magatakardansu, musamman na ƙasar Kankiya da Kusada, da sauran gundumomin da ke maƙwabtaka da su cikin Masarautar Katsina. Nufinsa shi ne a bayyana yadda za a yi amfani da al'adun gida, da sana'o'in gari, da hikimar kaka da kakanni, wajen koya wa yara karatu a makarantar da a ke aiki da harshe biyu, watau Hausa da Turanci. Maganar ta shafi Hakimi ƙwarai, gama shi ne uban ƙasa. Wurinsa iyaye su kan kai kuka in sun ga ɗansu ya yi shekara shida a makaranta ya fito bai iya rubuta wasiƙa ba, ko da Hausa ko da Turanci. Wurinsa kuma Gwamnati ta kan zo in ta ga azuzuwa sun yi wayam ranar kasuwa ko lokacin girbi.

Abin da yaro ya ke zuwa da shi

Yaron da aka kawo aji ɗaya daga Kafin Soli, ko Rimaye, ko Yashe, ko Mawashi, ba da hannu biyu ya zo ba. Yana da shekara shida, ya iya Hausa sarai, ya san gaisuwar safe da ta maraice, ya san sunan ko wane icce da ke tsakanin gidansu da gonarsu. An sha aikensa kasuwa ya kawo canji daidai. Galibi kuma ya riga ya fara makarantar allo, ya san baƙaƙen Larabci, ya saba da hadda. In ɗan Fulanin ruga ne, yana da Fillanci bayan Hausa, ya san shanu da sunayensu da kamanninsu.

Ranar da ya shiga aji sai ya tarad da Turanci. To, daga ranar nan harshe biyu na zaune a ajin, ɗaya a kan allo, ɗaya a cikin kan yaro. Abin da ya rage shi ne ko za a sa su taimaki juna, ko kuwa a bar su su yi ta kokawa.

In littafin da aka ba shi yana maganar ƙanƙara mai zubowa kamar auduga, ko wani 'ya'yan itace da bai taɓa gani ba, an ɗora masa kaya biyu ke nan gaba ɗaya: ga baƙuwar kalma, ga baƙon abu. Dabarar da ta rage masa ita ce ya haddace, ya maimaita kamar aku, bai san abin da ya faɗa ba. Amma in aka fara da rumbu, da jaki, da rijiya, abin ya riga ya sani, sunansa na Turanci kaɗai zai koya. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Wannan karin magana ita ce tushen darasin nan duka.

Abin da aka yi a da

Katsina gidan ilmi ce tun kafin zuwan Turawa. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye, sunan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani kuwa ba ya ɓoyuwa ga Bakatsine. Malaman zaure tun can da harshe biyu su ke karantarwa: malami ya karanta Larabci, ya fassara da Hausa, ya kawo misali daga abin da ɗalibi ya sani. Don haka wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

Sa'ad da Hans Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano cikin 1909, da Hausa aka fara koyarwa, aka kuma haɗa da sana'o'in hannu. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922 don horad da malamai. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Tsarin da aka bi a zamanin En'e shi ne yaro ya yi elementare da Hausa, sa'an nan in ya shiga Midil ya ci gaba da Turanci.

Da aka ga babu isassun littattafan Hausa da yara za su karanta, sai Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar ƙaga labari cikin 1933. Biyu daga cikin littattafan da suka yi fice daga Katsina suka fito: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, wanda ya ke koyarwa a Midil ta Katsina a lokacin, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Cikin 1937 aka fara buga Magana Jari Ce. Abin lura a nan shi ne Malam Abubakar Imam ya ɗebo labaru da yawa daga ƙasashen Larabawa da na Turai, amma ya sa musu riga da hula irin na Hausa, har yaro ya karanta ya ji kamar a bayan gidansu abin ya faru. Cikin 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, cikin shekarun 1950 kuma aka yi Yaƙi da Jahilci, manya suka koyi karatu da rubutu da harshensu.

Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi yawa ƙwarai, aka gina makarantu har ƙauyuka, amma horarrun malamai da littattafai ba su isa ba. Tun daga nan a ke ta neman dabarar da za ta sa yawan nan ya zo da inganci.

Abin da aka gwada a wasu wurare

Cikin 1953 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fid da rahoto mai cewa harshen da ya fi dacewa a fara koya wa yaro karatu da shi shi ne harshen da ya tashi da shi. A ƙasar Yarbawa, Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya fara wani gwaji cikin 1970, inda aka koya wa wasu yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa aka koya musu shi a matsayin darasi guda. Da aka auna su da takwarorinsu, sai aka ga ba su kasa ba a Turanci, a wasu darussa ma sun yi gaba. A Jamhuriyar Nijar kuma an buɗe makarantar gwaji mai aiki da Hausa da Faransanci a Damagaram cikin 1973.

A Nijeriya, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa a firamare da harshen gida ko harshen da jama'ar wurin su ke yi, sa'an nan a koma Turanci daga baya. Cikin 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kai wannan har aji shida. Cikin watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa cewa an janye wannan tsari, Turanci ne harshen koyarwa. Yanke hukunci a kan harshen koyarwa yana hannun Gwamnati. Amma ko wane tsari a ke bi, yaron Kusada da Hausa zai zo makaranta, da ita kuma zai koma gida. Duk abin da za a faɗa a ƙasa yana yiwuwa ƙarƙashin ko wane tsari, gama misalin da malami zai kawo, da kayan da zai nuna, da mutumin da zai gayyato aji, duk na gari ne.

Karatu da rubutu

Tatsuniya ita ce littafin farko na ɗan Bahaushe. Malami mai dabara ya kan sa yaro ɗaya ya kawo tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wadda kakarsa ta yi masa jiya da dare. Sa'an nan a tambayi ajin: wa ya fara magana? Me Gizo ya yi nufi? Ina ya yi kuskure? Bayan haka a rubuta jimla uku ko huɗu daga bakin yaran a kan allo, su karanta abin da su da kansu suka faɗa. Yaron da ya ga maganarsa ta zama rubutu ya gane amfanin baƙaƙe tun daga ranar nan. Kashegari, a lokacin Turanci, malami ya ba da sunayen abubuwan da ke cikin tatsuniyar da Turanci, yara su maimaita labarin da gajerun jimloli. Tun da sun san inda labarin ya dosa, hankalinsu duka yana kan sababbin kalmomi.

Kacici-kacici yana koya wa yaro lura da siffar abu. Karin magana tana koya masa cewa magana tana da ciki da waje, abin da zai bukata ƙwarai in ya kai ga manyan littattafai. Waƙoƙin gaɗa da na daka suna koya wa kunne rarrabe gaɓoɓin kalma. Ko waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa nan kusa, malami ya iya zaɓen waɗanda suka dace da yara, irin masu kira ga noma da neman na kai.

Yaron da ya zo daga makarantar allo ya riga ya san cewa ko wane baƙi yana da sautinsa. Abin da zai rikita shi shi ne rubutun boko yana farawa daga hagu, na allo kuwa daga dama. Ya kamata malami ya bayyana masa wannan, ya nuna masa girman abin da ya riga ya koya. Takardun kuɗi na naira 200 da 500 da 1000 suna ɗauke da rubutun ajami, sun isa abin nuni a aji. Haka kuma a wasu sassan ƙasar Katsina a kan ce “tahi” maimakon “tafi”. Ba laifi ba ne, karin harshe ne. A koya wa yaro daidaitacciyar Hausa ta rubutu ba tare da an yi wa maganar gidansu dariya ba.

Lissafi

Lissafi ya fi ko wane darasi samun kayan aiki a gari. Bahaushe in ya ce “ashirin ba biyu” yana nufin 18, ya kuwa yi ɗebewa ke nan tun kafin a rubuta masa alamarta. Dara tana da gurbi 30, layi biyar ko wane da gurbi shida. Mai wasa ko wanne yana riƙe da 'ya'ya 12. Daga nan kaɗai malami zai fid da sau, da tarawa, da ɗebewa: biyar sau shida, 12 da 12, gurbi nawa za su rage in kowa ya gama zubawa.

Awo kuma haka. A sa yara uku masu tsawo dabam-dabam su auna bangon aji da kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ko wanne zai sami nasa adadi, gardama ta tashi. A nan ne malami zai fito da sandar mita, yara su gane da kansu dalilin da ya sa duniya ta yarda da ma'auni ɗaya. In buhu ya ci tiya 40, aka sayad da tiya 15, saura nawa? Yarinyar da ta ke taya uwarta awo za ta amsa kafin malami ya rufe baki. Zakkar hatsi ma darasi ce: amfanin da ruwan sama ya shayar a kan fid da ɗaya cikin goma, wanda aka sha wahalar ban-ruwa kuwa ɗaya cikin ashirin. Manomin da ya sami dami 50 na gero, dami nawa zai fitar? Yaron da ya amsa wannan ya kama kan lissafin kaso, in an zo ba shi sunayensu da Turanci ba zai yi wuyar riƙewa ba.

Ilmin tsirrai da kimiyya

Ko wane manomi a ƙasar Kankiya ya san gawo, ya san dalilin da ya sa ba a sare shi a gona. Shi ne iccen da ya kan zubad da ganye da damina sa'ad da sauran itatuwa su ke tsiro, ya kuma yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa da ya zuba ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Masana kimiyya sun tabbatad da cewa jijiyoyinsa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, kamar yadda na wake da gyaɗa su ke yi, shi ya sa kakanni su ke shuka wake tsakanin gero. Darasi ɗaya a ƙarƙashin gawo, tare da Sarkin Noma yana bayani, ya fi darasi uku a kan iccen da yaro bai taɓa gani ba sai a hoto.

Maƙera ma aji ce. Zugazugi yana nuna cewa wuta ba ta ci sai da iska, ƙarfe kuma ya kan yi laushi in ya sha zafi. A marina, zane ya kan fito daga karofi da ɗan kore-kore, in ya sha iska sai ya koma shuɗi a gaban ido. Randa ta kan sanyaya ruwa domin jikinta yana tsattsafo, iska tana busar da shi, zafi yana tafiya tare da shi. Duk waɗannan suna cikin littattafan kimiyya da dogayen sunaye. Yaron da ya fara ganinsu a garinsu zai san cewa kimiyya ba ta ƙi ubansa ba, bayanin aikin ubansa ta ke yi.

Labarin ƙasa da tarihi

Taswira ta farko da yaro zai zana ita ce hanya daga ƙofar makaranta zuwa ƙofar gidan Dagaci, da masallacin Juma'a, da kasuwa. Daga nan a faɗaɗa: babbar hanyar Kano zuwa Katsina wadda ta ratsa Kankiya, ƙasar Kusada da maƙwabtanta Ingawa da iyakar Jihar Kano, sa'an nan Jihar Katsina da aka kafa cikin 1987 da ƙananan hukumominta 34. Lokutan shekara kuma a fara da bazara, da damina, da kaka, da rani mai hunturu a cikinsa, kafin a kai ga na Ingila waɗanda ba su yi daidai da su ba.

Tarihi ya fara daga tambayar tsofaffi: wa ya sari garin nan, daga ina ya zo, me ya sa aka ba unguwa kaza sunanta. Yara su san ma'anar sarautun ƙasarsu, tun daga Kankiyan Katsina da Bebejin Katsina har Sarkin Maƙera, da Sarkin Fawa, da Sarkin Aska, da aikin ko wannensu. Manyan azuzuwa in hali ya yi a kai su su ga Gobarau, da gidan tarihi da ke cikin tsohon ginin Kwalejin Katsina, da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, da rijiyar Kusugu a Daura.

Turanci

Kada wani ya zaci wannan hanya za ta rage wa Turanci ƙarfi. Da Turanci a ke rubuta jarrabawar fita sakandare, da shi a ke shiga jami'a, da shi a ke aikin ofis, kuma uban da ya kai ɗansa makaranta yana so ya ji shi yana yinsa. Gwada harsunan biyu gefe da gefe yana sa yaro ya riƙe su duka. Misali, Turanci yana da kalma ɗaya tak wadda ta haɗa kawu da baffa, wata ɗaya kuma ta haɗa wa da ƙane. Inda Bahaushe ya ke cewa kai, ko ke, ko ku, Bature kalma ɗaya gare shi. Yaro in ya ga haka ya kan yi mamaki, ya kuma gane cewa ko wane harshe da inda ya yalwata da inda ya ƙuntata.

Sharaɗi biyu ne a nan. Na ɗaya, ko wane harshe a ba shi lokacinsa, malami kada ya riƙa cakuɗa su cikin jimla guda har yaro ya tashi bai iya ko ɗaya tsantsa ba. Na biyu, al'adar nan ta cin tarar yaro ko dukansa don ya yi Hausa a harabar makaranta ba ta koya masa Turanci, shiru kawai ta ke koya masa. Yaron da ya ji tsoron buɗe baki ba zai yi tambaya ba, wanda bai yi tambaya ba kuwa ba zai sani ba.

Ladabi da kunya a cikin aji

Malamin da ya zo daga wani wuri ya kan yi wa yara mummunar fahimta in ba a faɗakad da shi ba. Yaron da ya sunkuyad da kai sa'ad da babba ya ke masa magana ladabi ya yi, kada a ɗauka rashin gaskiya ne ko taurin kai. Yarinyar da aka tambaye ta sunan mahaifinta ta yi shiru, kunya ce ta hana ta. Yaro da yawa kuma an sa masa sunan kakansa, a gida ba a kiransa da shi, sai a ce Abba ko Baba, har ya zo makaranta a kira sunan yanka bai waiwayo ba. Irin wannan ya kan jawo kuskure a rajista, yaro ɗaya ya fito da suna biyu, abin ya dame shi ranar karɓar takardar shaida. Tarbiyyar gida, irin su durƙusa wa babba, da miƙa abu da hannun dama, da sallama kafin shiga, makaranta ta ƙarfafa su. Uban da ya ga ɗansa ya dawo daga boko ya fi da ladabi ba zai hana ƙanensa zuwa ba.

Abin da ba za a shigar ba

Ba duk abin da aka gada ne ya dace da aji ba. Camfin da ke cutad da lafiya, irin mai cewa yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, ko mai hana a kai jariri rigakafi, malami ya warware shi da hujja, cikin lumana, ba tare da zagin iyaye ba. Kwalejin koyon aikin lafiya da ke Kankiya tana kusa, a iya neman taimakon malamanta. Tallan da ke hana yarinya zuwa aji ba shi cikin abin da a ke yabo. Raina wata sana'a ko wani asali, ko da da sunan wasan barkwanci ne, bai kamata ya shiga makaranta ba: ɗan mahauci da ɗan malami benci ɗaya su ke zaune. Abin da ya taɓa addini kuwa a nemi shawarar malaman gari tukuna.

A tuna kuma ba duk yaran aji ne Hausawa ba. Akwai 'ya'yan Fulani, akwai 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu. Tun 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ilmin makiyaya saboda sanin cewa rayuwarsu dabam ce. In ana darasi a kan saniya, a tambayi ɗan Fulani sunanta da Fillanci, a rubuta a allo kusa da na Hausa da na Turanci. Ranar nan shi ne malamin ajin.

Aikin Hakimi

1. Ya tara Dagatai da masu unguwanni, ya bayyana musu cewa makaranta ta gari ce, abin da ke cikin gari kuma yana da wuri a cikinta.

2. Ya yi magana da Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma da shugabannin makarantu, a tsai da rana ɗaya cikin ko wane zango wadda wani mai sana'a ko dattijo zai zo aji. An fi samun sukuninsu da rani, bayan an kai amfani gida.

3. Ya umurci sarakunan sana'a su karɓi yara in malami ya kawo su maƙera, ko marina, ko gona, su kuma amsa tambayarsu da haƙuri.

4. Ya lura kwamitin kula da makaranta yana da mata a ciki, gama tatsuniya, da waƙar daka, da tarbiyyar farko, duk a hannunsu su ke.

5. In ya fita rangadi ya shiga aji da kansa, ya sa yaro ya karanta masa jimla da Hausa, wata da Turanci, sa'an nan ya tambaye shi ma'anarta. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce za ta nuna ko karatu a ke yi ko hadda.

Aikin magatakarda

Tsofaffin da suka san asalin garuruwa suna ƙarewa, wanda ya tafi kuwa ya tafi da abin da ke cikin kansa. Ya kamata ko wane magatakarda ya keɓe littafi guda, ya riƙa rubuta abin da ya ji daga dattawa: tarihin ƙauye, jerin Dagatai, sunayen itatuwa da amfaninsu, karin magana, da kalmomin sana'a waɗanda matasa suka fara mantawa. Ya rubuta sunan garin, da ranar da ya ji, da shekarun mai ba da labari. In labari biyu sun saɓa, ya rubuta su duka, kada ya zaɓi ɗaya don faranta wa wani. Sa'an nan ya ba shugaban makaranta kwafi, ya ajiye na asali a ofishin Hakimi. Malaman Hausa na Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, da na Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina, sun san yadda za a mai da irin wannan ya zama ɗan littafin karatu na yara.

Ya kuma taimaki malamai wajen daidaita sunayen yara a rajista da abin da ke cikin takardar haihuwa, tun suna aji ɗaya. Aikin nan duka ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Littafin rubutu ne, da alƙalami, da zama a zaure tare da tsoho bayan sallar la'asar.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne abubuwa ne yaro mai shekara shida ya riga ya sani kafin a kawo shi aji ɗaya?

2. Yaya za a koyad da lissafin kaso da zakkar hatsi?

3. Me ya sa manomi ba ya sare gawo, kuma wane darasi malami zai ciro daga nan?

4. Waɗanne al'adu ne ba su dace a shigad da su aji ba, kuma ta wace hanya malami zai yi maganarsu?

5. A gundumar mai karatu, waɗanne dattawa uku ne ya kamata magatakarda ya fara zama da su kafin damina ta faɗi?